Malam Ilu da 'Yan Tsallen Taki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaka da ba wa dashe ruwa aka kira ni daga Kazaure, wai Malam Ilu ya rasu. Sai da na ajiye bokiti na zauna a ƙasa.

Shi ya koya mana bayoloji a sakandare. Ba don shi ba kuma, da tuni gandun dashena na Roni ya zama toka.

Shekarar da na fara gandun, na tara taki a bayan gidanmu, ganye da kashin awaki, ina jiƙa shi kullum. Sai wasu ƙwari farare-farare suka cika shi, ko ƙwayar gero ta fi su girma, kana zuba ruwa su hau tsalle. A daidai lokacin ƙuma ta addabi unguwa, yara sai susa. Maƙwabcinmu Baba Dauda ya leƙo ya ga masu tsalle, shi ke nan, an sami mai laifi. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce kafin Juma'a in ƙone takin, in fitar da dashena daga unguwar. Mangwaro, zogale, gwaba, iyakar abin da na mallaka ke nan. Wallahi raina ya ɓaci matuƙa.

Na kira Malam. Ya ce kada in taɓa komai. Washegari sai ga shi a kan tsohon babur ɗinsa.

Aka kira mai unguwa da Baba Dauda. Malam ya durƙusa ya duba takin, ya yi dariya. Ya ce wa mai unguwa, Allah ya ja zamaninsa, waɗannan ba ƙuma ba ne. Ba sa cizo, ba sa shan jini, ruɓaɓɓen ganye da fumfuna suke ci, suna taya taki nuna. Wata 'yar wutsiya ce naɗe a ƙarƙashin cikinsu, in sun tsorata su sake ta ta cilla su sama. Danshi ne rayuwarsu, ka kai su busasshen ɗaki mutuwa za su yi.

Baba Dauda ya ce zancen boko ne, duk abin da ke tsalle cizo yake.

Sai Malam ya cire hula. 'Yan ajinmu kun san sanƙon nan da muka sha yi wa dariya a ɓoye. Ya damƙo taki cike da su, ya ɗora a tsakiyar kansa, ya zauna a tabarma.

"To Baba, ga nama na kawo musu har gida. In sun cije ni, ni zan ƙyasta ashanar."

Haka ya zauna ana hira, takin na zubo masa a kunne, har aka kira La'asar. Mai unguwa da kansa ya share kan ya duba. Ko ɗigon ja babu! Malam ya sa aka duba akurkin kajin unguwa, har da na Baba Dauda, can ƙumar take. Aka share, aka yi feshi, susa ta ƙare.

Gandu ya tsira. Yau dashensa ya kai Gwiwa, ya kai Babura. Baba Dauda ma a inuwar mangwarona yake shan iska.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Ya rame sosai, amma kafin mu gama gaisawa ya ce, "Ina 'yan tsallena? Kada ka bar su da ƙishi."

Shi ya sa na tashi na ƙarasa ban ruwan kafin in kama hanyar jana'iza. Suna nan, Malam, suna ta tsalle.

Duk mai son dashe a makon nan ya zo ya ɗauka kyauta, ladan na Malam.

Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah kada ku wuce ba ku sa shi a addu'a ba.