Baba Baballe, Direban Da Ya Koya Mini Juyawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Baballe Direba a gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar da ta haura shekara biyu. An yi masa sallah bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Tarauni. Ina wurin aiki matarsa, Inna Asabe, ta kira ni. Muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Safiyyah, Babanki ya huta." Na yi salati, sai na ji bakina yana cewa alhamdu lillahi. Na ɗan ji kunyar kaina a lokacin, amma da na isa gidan na tarar duk wanda ya san irin kwanciyar da ya yi, abin da yake faɗa ke nan.

Baba, ba kai ka haife ni ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da naka, kai da mahaifina kuma tare kuke tafiya masallaci. Shekara talatin da uku ka yi kana tuƙa motar masu haƙa rijiyar burtsatse, kana kai su garuruwan da ko amalanke sai da dabara take shiga. Ba ka taɓa kifar da mota ba, ba a taɓa karya wa wani ƙashi a motarka ba. Da ka bar aiki sai ka koma zaman benci a ƙofar gida, kana sauraron rediyo, kana gyara wa matasan unguwa tuƙinsu ko ba su nema ba.

A shekarar 2021 na samu aikin likitar dabbobi a wata ƙungiya mai yi wa shanu rigakafi a rugage. Suka ba ni sabuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, suka ce babu direba, ni zan tuƙa kaina. Ni kuwa iyakar tuƙina daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Hotoro ne, a kan kwalta. Na kawo maka motar ka sa albarka. Ko fentin ba ka kalla ba, ka zaga baya ka leƙa, ka ga tabarma da kwandon abinci.

"Ina kayan motar?"

Na ce, "Sabuwa ce fa, Baba."

Ka ce, "Laka ba ta san sabuwa ba."

A ranar ka sa ni gaba zuwa kasuwar Tarauni. Shebur ka fara zaɓa, mai gajeriyar ƙota, don ya shiga ƙarƙashin mota. Ka sa aka yanko katako biyu masu kauri na shimfiɗa wa taya, da wani ɗan guntu na ɗora jak, domin a cewarka jak a kan danshi nutsewa yake yi. Sannan igiyar jan mota, adda, famfon ba taya iska, tocila, da jarka biyu na ruwan sha. Akwatin magani kaɗai ka bar mini zaɓinsa, ka ce wannan fannina ne. Da muka dawo ka sa na kwance safaya na mayar da hannuna har sau biyu, mutanen layi suna kallo.

Asabar uku muka yi muna zuwa wani fili a bayan Darmanawa inda tifofi ke ɗiban yashi. Can ka koya mini yadda ake sa giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, ka ce a sa ta tun kafin a shiga wurin, ba bayan an maƙale ba. Ka hana ni cusa manyan yatsuna cikin sitiyari, don in taya ta daki kututture sitiyarin fizgewa yake yi. Ka ce gangare da ƙaramar giya ake saukarsa, ba da birki ba. Ka kafa mini sharuɗɗa biyu: kada in shiga daji ni kaɗai, kuma duk ranar da zan fita in gaya maka garin da za ni, hanyar da zan bi, da lokacin da ya kamata in hau kwalta in kira ka.

A Asabar ta uku ka nuna mini wani wuri ka ce in shiga. Na shiga, motar ta nutse. Na taka totur, ta ƙara nutsewa. Sai ka buɗe ƙofa ka fita, ka samu inuwar darbejiya ka zauna. Na gane da gangan ka yi. Awa biyu na yi ina haƙa, ina rage iskar tayoyi, ina tura katako, kai kuwa daga nesa kake ba da umarni. Hannuwana suka yi kanta, direbobin tifa suna dariya. Na fitar da motar ina hawaye, na kai ka gida na yi tafiyata. Kwana takwas na yi ina bin ɗaya layin don kada in gaishe ka. Ka aiko Inna Asabe da man kaɗanya, wai in shafa a hannu. Baba, ban taɓa ba ka haƙurin kwanakin nan da bakina ba.

Daminar 2022 ce ta nuna mini abin da ka yi mini. Mun je wata ruga a bayan Sumaila, ni da abokin aikina Obiechina, haifaffen Kano wanda ya fi ni iya zance da Fulani. Da safe mun ƙetare wani rafi, ruwan iya idon sawu. Muna haɗa kaya da azahar aka kawo Iyatu, matar Arɗon rugar, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Dasashinta har ya fara jini. Muka kwantar da ita a kujerar baya, mijinta ya riƙe ta, muka kama hanyar asibiti.

Da muka iso rafin sai muka tarar ya cika ya yi ja. Ko ɗigo ba a yi a inda muke ba, can inda rafin ya taso aka yi ruwan. Daga tsallake zuwa kwalta tafiyar minti ashirin ce. In kuwa muka juya, sai mun zaga ta wata fadama, awa biyu ko fiye. Arɗo ya ce, "Likita, don Allah ki shiga, ɗazu fa kuka wuce." Obiechina ya dubi Iyatu ya dube ni, ya ce, "Dakta, motar nan tana da tsayi, ina ganin za mu wuce." Ni ma zuciyata shiga take so. Har na sa giya. Amma ka sha gaya mini cewa ruwan da ban taka da ƙafa ba kada in taka shi da taya, mai gudu kuwa in ya kai gwiwa ba a gardama da shi. Na fita na sari sanda na shiga. Taku huɗu na yi ruwan ya kai mini gwiwa, na miƙa sandar gaba ban ji ƙasa ba, ruwan ya fizge ta daga hannuna. Na dawo na juya motar. Arɗo ya sunkuyar da kai.

A fadamar muka maƙale. Muka rage iska, muka haƙa, muka sa katako, muka fita. Ba mu yi nisa ba muka sake faɗawa, wannan karon cikin motar ya zauna daram a kan laka. Babu sabis a waya. La'asar ta yi ta wuce, Iyatu ta daina amsa kira sai nishi. Ina durƙushe ina haƙa ina tunanin na kashe matar mutane da taurin kaina, sai Obiechina ya ce, "Dakta, ga wani tsoho can."

Kai ne, Baba, ka naɗe wando, igiya a kafaɗa. Ƙarfe biyu ya kamata in kira ka. Da uku ta yi ba ka ji ni ba, ka ari tsohuwar motar daji a wurin wani abokinka, ka sa ɗanka Abba ya tuƙo ka. Kun bar motar a kan tudu mai tauri. Kafin komai ka sa aka ɗauki Iyatu zuwa can, sannan aka ɗaura igiya, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a tsakiyarta, ka kori kowa nesa don kada ta tsinke ta daki wani. Ja biyu motata ta fito. Kafin magariba Iyatu tana kan gadon asibiti ana yi mata allurar kashe dafi, bayan kwana shida ta koma rugarsu da ƙafarta. Da ruwa ya janye aka ga ya cinye mashigin, ya bar rami da ya fi tsayin mutum.

A harabar asibitin na tambaye ka yadda aka yi ka biyo ta fadama, alhali hanyar rafi na gaya maka. Ka ce, "Na ga hadarin da ya haɗu ta kudu, na san rafi ya kawo. Na kuma san ba za ki shiga ba." Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba tun azahar.

Shekara guda bayan nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da kai, ya tafi da maganarka. Mutumin da bai taɓa yarda a riƙe masa buta ba ya koma sai an ɗaga shi an juya shi. In ana yi maka haka rufe ido kake yi, mu kuma mu kau da kai. A watannin ƙarshe ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Mun yi ta roƙon Allah in da sauran kwana Ya ba ka lafiya, in babu Ya sauƙaƙa maka. Ya kuwa sauƙaƙa. Inna Asabe ta ce a safiyar ka sha kunu cokali biyar, abin da ka yi wata ba ka yi ba. Abba yana karanta maka Yasin, ka ɗaga manuniyar hannunka mai lafiya, leɓɓanka suna motsi, ka cika ba tare da ko shure-shure ba. Ta ce fuskarka ta saki, ta koma irin ta da.

Bayan an fita da kai, Inna Asabe ta jingina da bango a tsakiyar mata masu gaisuwa, barci ya ɗauke ta. Shekara biyu ba ta yi barcin awa uku a jere ba. Aka rage murya, aka sa mata matashi, babu wadda ta tashe ta sai da aka kira la'asar.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da Abba, da 'ya'yan Baba mata, Zainab da Maryam, da 'ya'yansu, da tsofaffin abokan aikinsa, da jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi baki ɗaya. Allah Ya saka wa Inna Asabe da alherin jinyar da ta yi, Ya ba ta lafiya da haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba Baballe, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, cikin sauƙi irin nasa. Amin.