Bargon jikan Zulai

Duk garin Waca an san Zulai da saƙa, kuma ko ba a sani ba ita za ta faɗa. Tana yarinya ta koya wajen wata gwaggonta a Magaria, da kibiyoyin da aka fiƙe daga ƙarfen ƙafar keke. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, mijin ya rasu, hannun dai bai taɓa hutawa ba. Saƙarta tsaf take, ido ɗaya bai fi ɗaya girma ba. Halinta ne ba ya shimfiɗuwa.

Da matan unguwa suka kafa ƙungiyar saƙa a gidan Hafsat, matar mushen lakol, wato malamin makarantar boko, Zulai ta shiga, wai don kada su ɓata wa garin suna. Ran Laraba suke haɗuwa bayan la'asar. Su sayo tsofaffin rigunan sanyi a bosho, wajen 'yan gwanjo, su warware, su jiƙa zaren ya miƙe, su saƙa huluna da safa na jarirai. Babban aikinsu shi ne bargon haihuwa. In 'yar ɗaya daga cikinsu ta sauka, kowace mace ta saƙa ƙyalle guda, a haɗa su bargo, a kai ranar suna. Wadda ake yi wa ba ta sa hannu.

Haɗin kuwa na Zulai ne, kuma a nan take cin kasuwarta. Ta ɗaga ƙyallen mutum sama ta leƙa ta cikinsa.

"Shatu, wannan saƙa ce ko ragar kifi? Ga ki can ina hango ki."

"Yaya Zulai, ai ina koyo ne."

"Tun bara kike koyo. Jakin maƙwabcinmu Ɗalha ma da an ba shi kibiya da yanzu ya iya."

Sai ta kwashe ƙyallayen ta tafi da su gida, ta warware duka, ta sake saƙawa da hannunta. Ranar suna kowa ta duba bargon ta rasa nata. Ko ɓoyewa Zulai ba ta yi, cewa take rufin asiri ta yi musu.

Ana nan 'yarta Rahama, wadda ke aure a Dogo-Dogo, ta dawo gida goyon ciki. Uwar mijin Rahama mace ce mai kallon mutane ta saman hanci, kuma Zulai ta riga ta cika mata baki: ƙungiyarta, matan da ta koyar, bargon da ba a taɓa ganin irinsa a Dogo-Dogo ba. Zulai ta so ta sa hannu a bargon, Hafsat ta ce, "A'a Yaya, ƙa'ida ce. Ke dai zauna ki sha kunu."

Ranar suna gida ya cika. Surukai suka sauko daga kan kabu-kabu, aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Can sai ga matan ƙungiya a jere, Shatu a gaba da kwalla a ka, an rufe da faifai. Ɗaya daga cikinsu, Mariama, ta rangaɗa guɗa. Zulai ta gyara kallabi, ta dubi surukarta ta ce, "To Hajiya, ga shi nan."

Aka ɗaga faifan. Dunƙulen zare ne cike da kwalla, ja da kore da ruwan ƙwai, an wanke, an naɗe tsaf. Ko ido ɗaya ba a saƙa ba.

Hafsat ta durƙusa da ladabi ta ce, "Yaya, mun ga kullum wahala biyu kike sha, warwara da saƙa. Shi ne muka rage miki ɗaya."

Hajiyar Dogo-Dogo ta ɗauki dunƙule guda, ta juya shi, ta ce, "Iko sai Allah. A Waca da wannan ake rufe yaro?"

Wata ta kawo tsohon zane aka lulluɓe jaririn. Zulai ta shige ɗaki, ba ta fito ba har baƙi suka watse.

Ta saƙa bargon ita kaɗai, kuma ya yi kyau, wannan ba gardama. Sai dai kafin ta gama an shiga bazara, Rahama ta koma ɗakinta. Zulai ta ba wani direban taksi ya kai Dogo-Dogo. Ya dawo ya ce Hajiya na gaisuwa, ta ce yaron ƙurajen zafi ke damunsa.