Ladan Buda da Gangar Kokowa

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Sabon Birni ya san Ladan Buda, mai kiran salla a masallacinmu, kuma ya san cutarsa. Da ya ji an buga gangar kokowa sai ya daka "A'uzu billahi!" da ƙarfi, sannan ya zura takalmi ya nufi wurin. In ka tambaye shi, wai za shi ya ga su wane ne ke saɓon Allah.

Kuma ba wasa yake ba. Ya yi karatu, ya yarda kiɗa haramun ne, har makaɗa ya kora ranar sunan jikansa. Amma ubansa ɗan kokowa ne, kusan a bakin fili aka yaye shi.

Wata kaka ni da shi muna dawowa daga kasuwar Isa, muka iske ana kokowa a gefen hanya. Jakinsa ya toge daidai wurin.

"Mamman, ka gani ko? Dabba ta ƙiya."

"Kawo in ja shi, Malam."

"Kul! Zaluntar dabba zunubi na."

Muna nan tsaye har wani yaro ɗan garin Gatawa ya ɗaga ƙaton da ya zo daga Nijar ya maka shi da ƙasa. Ladan ya yi tsalle, hula ta faɗi. "Gobir ta ci!" Sai ya tuna kansa, ya ce, "Astagfirullah." Ya ɗan jima, ya matso kunnena. "Amma dai ya faɗi, ko?"

A gida ma haka. Matarsa Inna Ai ta ji kalangu na tashi a tashar rediyon Nijar daga ɗakinsa.

"Malam, mi nika ji?"

"Labaru nika jira."

"Tun la'asar?"

"Mutanen Nijar ba su da hanzari, Ai."

Daga baya matasan masallaci suka kai ƙara wurin liman, wai mai zuwa filin kiɗa bai dace da lasifikar salla ba. Kiran sallar nan kuwa shi ne ransa. Muka ba shi shawara ya ce wa'azi yake zuwa yi. Ranar zaman ya miƙe ya ce, "Liman, kiɗa haramun na, ban canza magana ba. Ina son shi, wannan ma ban canza ba. Kullum ina tuba, kunnena na warware min."

Wani yaro ya ce, "To Baba, ka zaɓi guda."

Ya shafa tsagar kumatunsa. "Ɗana, wagga tsagar ma an shawarce ni kahin a yi ta?"

Aka yi dariya, amma aka karɓe lasifikar. Ina zaune a wurin ban ce uffan ba, don tsoron a tuna ni ne abokin tafiyarsa.

Muka ɗauka zai ƙaurace wa masallacin. Ina! Sabon ladanin barci ne da shi, sai Buda ya mayar da tada shi aikinsa. Kowace asuba yana ƙofar yaron da sanda: "Tashi, mai kunnen kirki, rana za ta hito!" Haka ya yi ta yi har ciwon ajali ya kwantar da shi, bai taɓa neman a mayar masa da abinsa ba.

Allah ya jiƙan Buda. Ya gwammace a raba shi da abin da yake so da ya yi ƙarya a ɗakin Allah. Ya Ubangiji, ka yafe masa abin da ya kasa bari, ka yafe mana shirun da muka yi.