Malam Idi Mai Lamba da Yaran Unguwar Marke

Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu a Kurfi ina wanke kayan aiki, hantsi bai gama ɗagawa ba, sai wani direban babbar mota da ke jigila tsakaninmu da Dutsin-Ma ya yi sallama. Ya ce in yi haƙuri, Malam Idi Makera ya cika jiya da la'asar, an kai shi makwancinsa kafin magariba. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, sannan na ajiye wankin na nemi wuri na zauna. Direban ya ɗauka zafin rashin aboki ne kawai. Akwai wannan, amma akwai abin da ya fi shi nauyi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Idi malamin lamba ne, irin waɗanda ke bin ƙauyuka a kan keke suna tsaga damtsen yara don kare su daga agana. Shi ke riƙe da ƙasar Dutsin-Ma, ni aka ba ni ƙasar Kurfi, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a hannunsa na koyi aikin. Lokacin mutane tsoronmu suke ji, da an hango kekenmu sai mata su cusa yara cikin rumbu. Ni mai zafin kai ne, in yi ta faɗa ina cewa zan kai ƙara wurin dagaci. Shi kuwa sai ya jingine keke, ya roƙi ruwa ya sha, ya naɗe hannun riga ya nuna tabon tasa lambar, ya yi ta hirar gero da dawa da tsofaffi har yaran su gaji da zafi su fito da kansu. Yakan ce da ni, "Malam Sule, mai neman ɗan wani ba ya sauri." Bayan mako sai ya koma ya duba ko lambar ta kama, ko da ƙauyen a hayin rafi yake.

Kowace shekara bayan girbi mukan zauna da taswira mu raba ƙauyukan kan iyaka. Cikinsu akwai wata 'yar unguwa, Unguwar Marke. A takarda ƙasar Kurfi ce, mai unguwarta a ƙarƙashin hakiminmu yake. Amma kasuwar Dutsin-Ma suke ci, can suke sallar Juma'a, kuma in ka tambaye su su na ina ne, sai su ce su mutanen Makera ne, garin Malam Idi da ke ƙasar Dutsin-Ma, don daga can kakanninsu suka taso. Wata shekara Malam Idi ya ɗora yatsa a kanta ya tambaye ni, na ce tawa ce, na sani. Da bakina na faɗa.

Ban je ba. Hanyar yashi ce, sai ka sauka ka tura keke, sai na ce da zuciyata ai kowace ranar kasuwa Malam Idi yana kafa teburinsa a Dutsin-Ma, za su faɗa hannunsa. Kai, wautar ɗan Adam! Ban tsaya na tuna cewa magidanta ke zuwa kasuwa ba, yara suna gida. Shi kuma da ya tambaye su daga ina, suka ce Makera, ga shi ya riga ya gama da Makera kaf, sai ya yi musu fatan alheri suka wuce.

Da bazara agana ta shiga unguwar. Tare muka tafi, ni da shi. Ban taɓa shiga gari da rana tsaka na ji shiru irin wannan ba, babu daka, babu kukan yaro, sai tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin tayar kekunanmu. A bayan gidaje muka ga sababbin kaburbura, gajeru, waɗanda hannu ɗaya zai iya aunawa. Ba zan faɗi adadinsu ba. Har yau in na ga an yi kunyar dankali a lambu sai kaburburan nan su faɗo mini a rai.

Mai unguwar ya fito, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, don bai san ni ba. Ina zai san ni? Ya tsaya gaban Malam Idi, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, kowace kasuwa muna gaisawa. Ko sau ɗaya ba ka tambaye mu ɗiyanmu ba."

Da aka turo babban ma'aikaci bincike, ya tara mu ya tambaya wa ke da unguwar. Taswirar tana kan tebur a naɗe. Ni lokacin ban daɗe da aure ba, ga ɗan fari a goye, sai na sunkuyar da kai na yi gum. Malam Idi ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanena ne, ni suka sani." Mutumin bai ko warware takardar ba. Aka sallami Malam Idi daga aiki, ni na hau kekena na koma gida.

Ya koma Makera ya kama noma, da rani kuma yana koyar da manya karatu a ajin yaƙi da jahilci. Ɗalibansa sun ce in ya zo darasin labarin ƙasa yakan zana layi a kan rairayi ya ce, "Ƙasa iri uku ce. Akwai ta takarda, wadda hukuma ta shata. Akwai ta ƙafa, inda mutane ke zuwa kasuwa da masallaci da rijiya. Akwai ta baki, wadda mutum ke kiran kansa da ita. Inda ukun suka saɓa, ku je da ƙafarku ku duba." Suka ce daga nan yakan daɗe yana kallon layin da ya zana, su kuma ba su san dalili ba.

Mutane ba su raga masa ba. An yi ta nuna shi da baki, wasu mata in ya biyo hanya sai su janye yaransu, 'ya'yansa ma sun sha gori a dandali. Bai taɓa wanke kansa ba. Duk kaka yakan ɗauki damin gero ya kai Unguwar Marke a ƙasa, ya ajiye a ƙofar mai unguwa ya juyo. Ni kuwa in na hango shi a kasuwa sai in ratse ta layin masu tukwane. Sau biyu ya ritsa ni, kuma duk biyun abin da ya yi shi ne tambayar lafiyar yarana, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar sadakar uku na tafi Makera. Da jama'a suka ragu na roƙi a yi mini iso wurin maiɗakinsa, Inna Hajara. Ta tsaya daga bayan zanan zaure, ni ina durƙushe, na kwashe komai na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka ko ta tsine mini. Amma sai ta ce:

"Malam Sule, ai mun sani. Malam ya hana mu faɗa, ya ce maganarka ce, za ka zo da ita da kanka. Duk ranar kasuwa sai ya shimfiɗa tabarma biyu a nan inda kake, ya ce wataƙila ka biyo. Da yamma ni nake naɗe ɗayar."

Shekara goma ke nan, kuma na zo a makare da kwana uku. To, duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, a ƙasar Kurfi ko ta Dutsin-Ma, ya shaida: Unguwar Marke a hannuna take, ni na ƙi zuwa, Malam Idi ba shi da laifin da aka ɗora masa. Duk wanda ya taɓa yi wa 'ya'yansa gori ya je ya nemi gafararsu.

Allah Ya jiƙan Malam Idi Makera, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa nauyin da ya ɗauka ya zame masa haske ranar gobe. Allah Ya ba Inna Hajara haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya ɗaukaka su a idon waɗanda suka rena su. Allah Ya sa yaran nan na Unguwar Marke su ceci iyayensu. Ni kuma Allah Ya ba ni ƙarfin halin zuwa gaban iyayen in faɗa musu da bakina, tun ina da sauran numfashi. Amin.