An Sallami Ƙoshiya da Rediyo

Kafin jiniyar masaƙa ta yi kukan farko, ta riga ta ɗaure kai, ta cusa auduga a kunne, ta tsaya tsakanin injina tana jiran zare ya tsinke. Aikinta ke nan tun tana budurwa: zare ya tsinke, ta ƙulla, ta yi gaba. Abokan aiki na kiranta Ƙoshiya, don kamar ƙoshiyar saƙa take, ba ta zama wuri ɗaya. Ni Yaya nake ce mata, yadda marigayiya matata take kiranta. Layi ɗaya suka yi aiki, har ƙurar auduga ta cinye ƙirjin matar tawa.

A ɗakin saƙa ba a jin magana, ko ihu ka yi inji ya haɗiye. Shi ya sa ma'aikata suka koyi hira da leɓe: ka motsa baki, na ƙarshen ɗaki ya karanta. Da haka suke gulma, da haka suke zagin heluma mai sa musu ido yana tsaye a gabansu.

Wata shekara da zaɓe ya zo, manaja ya ga bai dace masu gumi su je jefa ƙuri'a ba. Bai hana kowa ba, Allah ya kiyaye, mutum ne mai bin doka. Ya dai ce odar yadi ta yi yawa, ranar za a haɗa aikin safe da na yamma, a kulle ƙofa. Wanda ya fita kada ya dawo. Ya hana taro, ya baza 'yan kai rahoto su kasa kunne. Kunne! A ɗakin saƙa!

Matata ta ba ni labarin. Ƙoshiya ta ɗago daga ƙulli ta motsa baki: "Rana tsaka, a kashe."

Wata daga layin baya ta mayar mata: "Yaya, 'ya'yana fa?"

"Nawa ma ba iska suke ci ba. In mu duka ne, wa zai kora, wa zai bari?"

Tsohon mai gyaran inji ya girgiza kai: "Ke dai ba kya gajiya da fitina."

"Baba, kai da ka tsufa da haƙuri, nuna min ribar."

Heluma ya ga bakuna na motsi, ya zo ya daka mata tsawa a kunne: "Me kike cewa?" Ta ce, "Addu'a nake maka."

Rana tsaka injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Matata ta ce ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Ƙoshiya ta shige gaba, girarta fara fat da auduga, ta ce wa maigadi, "Buɗe, ɗan'uwa, kai ma taho da katinka." Ya buɗe. Suka je suka dangwala, suka dawo suka tayar da injina. Ba a kori kowa ba, don ba a korar ɗaki guda. Ita dai aka san yadda aka yi da ita: ba ƙarin girma har abada, aka mayar da ita layin tsofaffin injina masu ƙara, inda ragowar jinta ya ƙare.

Wanda suka zaɓa fa? Ya manta hanyar masaƙa, kamar duk 'yan'uwansa da na karanta a tarihi. Na taɓa yi mata gori. Ta ce, "Ba don shi na fita ba. Don in iya cire shi ne."

Makon jiya aka yi mata taron ritaya. Sabon manaja ya yi dogon jawabi, makirufo ya rufe masa baki, ko kalma ɗaya ba ta samu ba. Sannan ya miƙa mata kyauta. Rediyo. Matar da su suka kurmantar! Aka kuma yi tafi.

Yaya, ke ce mai ƙulla abin da ya tsinke. Ke kika sayi ƙuri'ar ɗaki guda da kunnuwanki, ba ki taɓa goranta wa kowa ba. Allah ya biya ki, tunda masaƙa ta kasa. Ku kuma masu kwanciya ranar zaɓe kuna cewa rana ta yi zafi, ku dube ta ku ji kunya. Ba wanda ya kulle muku ƙofa.

Da za mu rabu na tsaya daidai fuskarta, na motsa baki a hankali: na gode. Ta yi dariya.

"Mijin ƙanwata, har yau ba ka iya ba, amma na gane. Ungo rediyon, kai mai kunne. In sun faɗi ranar zaɓe, ka zo ka gaya min."