Ruwan da Ya Hau Bangon Inna

Ko na tsufa na manta komai, daminar da muka fitar da Inna daga ɗakinta tana nan a raina. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Yayana ya samu aiki a Dutse, ni kuwa ina karatun injiniya, kaina na ta hayaƙi.

Ɗakin na ƙasa ne, a gidanmu na Ringim, dab da fadama. Marigayi Baba ne ya gina shi da hannunsa, kuma tun rasuwarsa Inna ba ta yarda ta kwana a wani wuri ba. Da Yaya ya ɗan samu sarari, sai ya sa aka shafe bangon da siminti ciki da waje don ya faranta mata. Kowa ya gani sai ya sa masa albarka.

Na dawo hutu da tulin lissafin da aka ba mu: gudun ruwa a cikin bututu, da yadda iska ke turje wa mota, da yadda ruwa ke hawa siririn bututu da kansa. A ɗakin nake zama in yi, don ya fi ko'ina sanyi. Wata rana da hantsi ina fama da na ƙarshen, amsar tana nuna min cewa iya ƙanƙantar kafa, iya nisan da ruwa zai hau, sai na jingina da bango na ji rigata ta jiƙe. Na ƙwanƙwasa simintin, ya amsa kamar ganga. Nan take na gane. Bangon ƙasa cike yake da ƙananan kafofi masu tsotso ruwa daga tushe. A da iska ke busar da shi, yanzu siminti ya kulle shi a ciki.

"Inna, ɗakin nan ba zai kai kaka ba," na ce mata.

"Kai da bokonka," in ji ta, tana tankaɗe. "Ruwa gangara yake yi, yaushe ya koyi hawa? Ɗakin nan fa ya girme ka."

Bayani ya ƙi ci. Sai na ɗauko gutsuren tubali na dasa shi a faranti, na zuba ɗan ruwa, na ajiye a gabanta. Tana aiki tana satar kallo. Danshi ya yi ta hawa har ya kai bisa, tubalin ya sulale ya zauna.

"A fara fitar da akwatin babanku," ta ce a hankali.

Ba a jima ba, ana ruwa bayan la'asar, bangon gabas ya durƙusa, rufin ya bi shi. Muna tsaye a rumfa, ni da ita. Ta ce, "Ranar da babanku ya gama shi, ko hannu bai wanke ba ya kira ni in gani."

Yaya ya gina mata na bulo, mai kyau da taga biyu. A ciki ta ƙarasa kwanakinta, amma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira sabon ɗakin "ɗakina" ba. Yau ina kewar ta, ina kewar sanyin ɗakin nan da ƙanshin ƙasarsa. Lissafina ya fita daidai, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. A ranar na koyi cewa ilimi na iya tsirar da ran mutum, ya kasa tsirar masa da abin da ransa ke so.