Ikilima da Yayen Hafizu

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Ikilima a Zango, kuma ba ta da tsawon da za ta hana ƙamshi tsallakowa. Kafin in ji muryarta da safe, man gyaɗarta ya riga ya gaishe ni. Sana'arta ke nan tun tana budurwa. Ta soya gyaɗa, a kai inji a niƙo, ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi, har mai ya taso ya kwanta a sama kamar hantsi a kan tafki. Tunkuzar da ta rage ta murza ta, ta soya ƙuli-ƙuli.

An haife ta a wani ƙauye da ke bayan Baure, irin ƙauyukan nan da gonar mutum kan fara a Najeriya ta ƙare a Nijar. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inno, ita ta riƙe gida da tattali irin na matar da ta san yunwa ido da ido. Inno ba ta zubar da ƙanzo, ba ta barin gishiri ya kwana a buɗe. A hannunta Ikilima ta koyi tuya, a hannunta ta koyi shiru. Da aure ya zo, Munzali ya kawo ta Zango. Shi manomi ne da damina, in an gama aikin gona kuma ya hau babur yana ɗaukar fasinja tsakanin Zango da Baure da Daura.

'Ya'ya huɗu ta haifa a jere, kowanne da tazara mai kyau, kuma kowanne sai da ya kusa cika shekara biyu a nono. In lokacin yaye ya yi, a karɓo rubutu wurin malam a ba yaro, a ɗauke shi a kai wa Inno ƙauye. Uwa ba ta zuwa, ba ta aike, sai yaro ya manta da ƙirjinta. A can zai sha fura da kunu, ya bi awaki, ya dawo da kumatu yana kallon uwarsa kamar baƙuwa. Haka aka yi wa Ikilima kanta, haka ta yi wa nata, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Hafizu ne na biyar. Ya zo da jiki, mai yawan dariya, irin jaririn da mata ke karɓa su ƙi mayarwa. Bai daɗe da cika wata huɗu ba Ikilima ta fara jin ƙamshin man da ta tashi a cikinsa yana tayar mata da zuciya. Ta gane tun kafin ta yarda ta gane.

Haulatu, aminiyarta mai sarin ƙuli, ita ta fara kama ta tana amai a bayan madafa.

"Ɗago in ga idonki."

"Zazzaɓi ne."

"Zazzaɓin da ke fitowa da hannu da ƙafa ko? Ke da Malam ba ku san ana hutawa ba ne? Gona ma ana barinta ta sha iska."

"Ki rufa mini asiri, Haulatu."

"Ni na rufa. Zane ne ba zai rufa ba."

Suka yi dariya kaɗan, ta Ikilima ba ta kai ciki ba. Sai Haulatu ta dubi Hafizu da ke kwance a tabarma yana cin yatsun ƙafarsa, ta rage murya. "Wasa a gefe, ki cire yaron nan daga nono. Kin san abin da nonon ciki ke yi."

Ta sani, ko kuma ta san abin da ake faɗa. A wurinmu macen da ta yi ciki da goyo a hannu ana ce mata mai kwanika, kuma ba da yabo ake faɗa ba. Bayan abin kunya akwai abin tsoro: mun tashi muna ji daga kakanni cewa da zarar ciki ya shiga, nono ya zama na wanda ke ciki, na waje in ya ci gaba da sha dafi yake sha, zai yi ta zawo har ya lalace. A satin nan Hafizu ya ɗan yi zawo, irin wanda jarirai ke yi ya wuce. Ikilima ta dubi tsummansa ta yanke wa kanta hukunci.

Munzali bai so ba. Ya ce, "Na taɓa ɗaukar wata malamar asibiti, na ji tana cewa ba ya komai."

Ta ce, "Malam, in ya yi komai, ita za ta zo ta haƙa masa rami?"

Washegari ya dawo daga Daura da gwangwanin madarar jarirai da fida, kwalbar nan mai bakin roba. Mai kemis ya yi masa bayani a tsaye, babur na kunne a waje: ga ɗan ludayin awo a cikin gwangwanin, a cika shi kaza a ruwa kaza, ruwan kuma a tafasa shi, kwalbar a wanke da ruwan zafi. Munzali ya kawo abin da ya riƙe ya ba Ikilima, ita kuma ta bi shi sau da ƙafa.

Amma yaron ya ƙi. Yana jin ƙamshin uwarsa a kusa, ina zai kama roba? Ya yi ta kuka yana tura kai cikin rigarta, ita tana juya masa baya tana nata kukan. Ina jin su ta katanga. Madarar da aka dama ta yi ta lalacewa ana zubarwa, gwangwani na raguwa. Sai aka koma ga abin da aka saba: yaron da za a yaye, nesa da uwa ake kai shi. Babu wanda ya tsaya ya ce yayen mai shekara biyu daban, na mai wata biyar daban. Ni ma da nake rubuta wannan, a lokacin addu'a kawai na yi musu a ƙofar gida.

Sun tafi da sabon gwangwani. Ikilima ta durƙusa gaban Inno tana nuna mata ludayin awo da layin da ke jikin kwalba. Inno ta saurara da rabin kunne, tana rawa da jikanta a cinya.

"Ni da na yaye ki, na yaye 'ya'yanki huɗu, gwangwani ne zai gagare ni? Tashi ki tafi tun bai farka da hankalinsa ba. Kuma kar in ga ƙafarki sai na aika."

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Ikilima ta dawo Zango ta koma bakin turmi. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri kamar dutse, ta ɗaure shi da ɗankwali kamar yadda ake yi, amma in zafin ya ishe ta sai ta kwance ta tatse a gindin katanga. Haulatu ta ce ta daina, in tana tatsa ba zai ƙafe ba. Ta ce to, ba ta daina ba. Sau da yawa nakan ji taɓarya ta tsaya a tsakiyar aiki, shiru ya daɗe, sannan ta ci gaba.

Wata rana ta shigo karɓar garwashi, ta tsaya riƙe da kasko ba ta fita ba.

"Gwaggo, wai da gaske ne nono yana jin kukan ɗa ko daga nesa?"

Na ce haka ake faɗa.

Ta ce, "To nawa kwana biyun nan bai ji komai ba."

Wata bai cika da tafiyar ba Munzali ya sake sayen gwangwani ya kai ƙauye. Da la'asar sai ga shi ya dawo da shi ɗaure a bayan babur, yana murmushi.

"Inno ta ce a dawo da shi. Wai na farko ko rabi bai kai ba. Ta ce ke ce mai ɓarna, ba ki gaji hannunta ba."

Ikilima ta ajiye matsamin da ke hannunta. Ita da ta dama madarar nan da kanta ta san gwangwani ba ya daɗewa haka, ko da yaro na sha yana ragewa.

"Ka ga yaron?"

"Yana goye a bayanta, an lulluɓe shi saboda yayyafi. Barci yake. Ta ce ma ya yi hankali, ya daina kuka gaba ɗaya."

"Juya babur ɗin, Malam."

"Ikilima, ta ce sai ta aika. Kin san Inno."

"Na san ta. Juya."

Ta leƙo ta bar mini yara da mai a kan wuta. Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji, bayan an daɗe.

Sun sami Inno a tsakar gida tana tsince yakuwa. Ta ga 'yarta, fuskarta ta ɗaure, amma da aka tambaye ta madara sai ta tashi da alfahari ta nuna. Ta ɗebo ruwa a randa, ruwan rijiya na damina da ya ɗan yi ja, ta cika kwalba, ta lakato garin da bakin cokali ta kaɗa har ruwan ya yi fari kamar ƙasari.

"Kin gani? Abu ne mai ƙarfi, madarar Turawa. Da na ga ya fara zawo sai na gane ta yi masa yawa, na ƙara ragewa. Ludayin nan naku na ajiye shi, yaro kamar wannan ina zai kai wannan uban gari?"

Ba mugunta ba ce. Da irin wannan hannun ta raba tiya ɗaya ta ciyar da marayu har kaka ta zo.

Ikilima ta kwance goyon daga bayan uwarta. Abin da ta karɓa bai kai nauyin abin da ta kawo ba. Maɗigarsa ta faɗa, fatar cinyarsa ta yi yawa, idanunsa a buɗe amma ba sa neman kowa. Ta zauna a ƙasa inda take, ta ɗaga riga.

"Ikilima. Da ciki a jikinki. Kar ki kashe shi a gidana."

Tunda ta yi wayo ba ta taɓa mayar wa Inno magana ba. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inno, in dafi ne, ya sha na uwarsa."

Ba shi da ƙarfin kamawa. Ta riƙa matsowa tana ɗiga masa a leɓe, ɗigo na gangarowa ta gefen baki, har ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Daga nan ba su tsaya Zango ba, Daura suka wuce, ta rungume shi a cikin hijabi, babur na santsi a taɓo. A asibiti aka daɗe ana neman jijiya kafin a samu a ka, aka sa masa ƙarin ruwa. Wata nas ta yi mata faɗa kamar za ta dake ta, daga baya ta zauna kusa da ita ta ce nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, ta ci abinci sosai ta ci gaba da ba shi. Ikilima ta ce to. Ta gaya mini ba don ta yarda ta ci gaba ba, don dai babu wani abin da za ta iya ba shi da ta amince da shi.

Hafizu ya rayu. Nono ya dawo kaɗan kaɗan, ba kamar da ba, tana haɗa masa da madarar gwangwani da hannunta, da ruwan da ta tafasa. Ciki ya fito, ta ci gaba da shayarwa, mata suka samu abin faɗa a gidan biki da bakin inji. Wasu in sun zo sayen mai sai su dubi yaron a ƙirjinta, su dubi cikin, su ce Allah Ya kyauta. Haulatu ce kaɗai ke mayar musu, tana cewa wadda aka tatsi nata ta yi magana. Ikilima ta haifi mace, aka sa mata Amatullah, ta shayar da su biyun tare na wani lokaci. Inno ta zo suna, ta yi barka, amma ba ta zauna jego ba kamar yadda ta saba, kuma da aka miƙa mata Hafizu ta karɓe shi tana kallon gefe.

Yanzu yana cikin shekara ta uku. Ƙanwarsa ta riga shi tafiya, ta kamo shi a tsawo. Yana da wayo, yana magana, amma ƙafafunsa sirara ne, kuma duk ciwon da ya shigo unguwa gidansu yake fara sauka. Inno na cewa nonon ciki ne, ta faɗa tun farko ba a ji ba. A asibiti suna cewa yunwar da ya sha a makonnin nan ce ta taɓa shi, sai a hankali. Uwa da 'ya suna gaisawa, suna aika wa juna kuka da daddawa, amma ba su sake zama sun yi maganar ba, kuma da lokacin yayen Amatullah ya yi, a ɗakin Ikilima aka yi shi.

Na taɓa tambayar Ikilima wa take ganin ya fi gaskiya.

Ta ce, "Gwaggo, in Inno ce, ni na ba shi nonon. In na asibiti ne, ni na kai shi ƙauye. Ko ta ina aka biyo, a kaina ake sauka."

Amaren unguwa kan zo wurinta da jariransu, wasu za su koma makaranta, wasu nonon ne ya yi ƙaranci, suna tambaya wata nawa ya kamata su kai kafin su sa gwangwani. Ba ta ba su lissafi. Takan karɓi jaririn ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta mayar, ta ce su je asibiti su tambaya, su kuma tsaya su ji da kunnensu, kar su aiki kowa.

Kowace safiya in ta yi wa Hafizu wanka, kafin ta sa masa riga, takan zagaye damtsensa da babban yatsa da manuni. Ba ta san na lura ba. Har yau yatsun suna haɗuwa, har da saura.